Wai dole sai ka samu kashi 25 na ƙuri'u a Abuja kafin ka zama shugaban ƙasa?

Jama'a assalamu alaikum. Tun zaɓen 2023 maganar nan take yawo a WhatsApp, har yau in ka zauna majalisa sai wani ya buga ƙirji ya ce ai wanda bai samu kashi 25 a Abuja ba bai ci zaɓe ba. To ku matso.

Sharuɗɗan cin zaɓen biyu ne. Na farko ba sai mun daɗe a kai ba, ka fi kowa yawan ƙuri'a, shi kenan. Ba sai ka haura rabi ba irin yadda ake yi a Nijar a da, inda sai da Bazoum da Mahamane Ousmane suka je zagaye na biyu a 2021. Tinubu da ƙuri'a 8,794,726 ya ci, ko kashi 40 bai kai ba.

[Taswirar Najeriya]

Na biyun ne mai rigima. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai ka samu aƙalla ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, a biyu cikin uku na dukkan jihohi da Abuja. Kun ji wannan "da" ɗin? Ita ta kai manyan lauyoyi har Kotun Ƙoli. Wasu sun karanta ta kamar uwa ta aiki yaro kasuwa ta ce sayo tumatir da albasa, in ya dawo ba albasa ai bai gama aike ba. Wasu kuma suka ce a'a, Abuja an sa ta a layi ne kawai, jihohi 36 ita ce ta 37, sai a ɗauki biyu cikin uku na duka.

Abin da ya hura wutar, a Abuja Peter Obi ne ya kwashe ƙuri'u, Tinubu ko kashi 20 bai kai ba, Atiku ma yana ƙasa da shi.

Kotun sauraron ƙarar zaɓe ranar 6 ga Satumba 2023, sannan Kotun Ƙoli ranar 26 ga Oktoba, duk karatu na biyu suka bi, suna nuni da sashe na 299 da ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha. Ni dai gaskiya hankalina ya fi kwanciya da hakan, don in da ɗayan ne, mutumin Garki ko Kubwa zai iya taka wa miliyoyin mutanen Kano da Legas burki shi kaɗai, a kan wane dalili?

Lissafin kenan: biyu cikin uku na 37 ya kama 24 da ɗoriya, wato ka samu kashi 25 ɗin a jihohi 25, da Abuja a ciki ko babu.

[Tsohon hoton Shagari]

Wannan ɗoriyar kuwa tsohuwar rigima ce. A 1979 jihohi 19 ne, Shehu Shagari ya samu rubu'i a 12, ta 13 ita ce Kano, gidan Malam Aminu, inda ya tsaya a kusan kashi 20. Abokin takararsa Awolowo ya ce biyu cikin uku na 19 ai 13 ne, ba a yanka jiha kamar tsire. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu cikin uku na jiha ɗaya, kotu kuma ta yarda aka tsaga ƙuri'un Kano aka yi lissafi, Shagari ya haye.

In babu wanda ya cika sharaɗin fa? Sai zagaye na biyu cikin kwana 21, abin da ba a taɓa yi ba a zaɓen shugaban ƙasar nan.

Gwamna ma haka dokar take, sai dai shi da ƙananan hukumomi ake auna shi. Kano tana da 44, sai ku ɗauko kalkuleta ku faɗa min nawa kuka samu.