Tsutsar da ke cin rani a cikin darni

Malam: Jama'a barkanmu da warhaka daga nan Kano. Hajiya, lodin karan geron nan da ake shigowa da shi gari bayan kaka, ba kara kaɗai ba ne fa.

Hajiya: Har da ƴan haya a ciki, Malam. Tsutsar kara ce, masana na kiranta Coniesta ignefusalis. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce ta dare, ruwan ƙasa, ko ta baje fiffike ba ta wuce santimita 3. Ƴaƴanta dangin ciyawa suke ci: gero, maiwa, dawa, har gamba.

Malam: Ƙwan ma ba a fili take zuba shi ba.

Hajiya: Ina! Tsakanin kara da ganyen da ya rungume shi take cusawa, 20 zuwa 50 wuri guda. Kwana 8 zuwa 11 sun ƙyanƙyashe, su huda kara su shige. Shi ya sa mai feshi yakan yi asarar kuɗinsa, maganin na waje, ɓarawon na ɗaka.

Malam: In shukar ƙarama ce, ganyen tsakiya zai bushe, ka ja shi ya zaro a hannunka. In ta yi kara, zangarniya ba ta cika, iska kaɗan ta karya ta.

Hajiya: Da damina wata guda da ƴan kwanaki take ci a ciki, sannan ta ƙudundune mako ɗaya zuwa biyu, ta fito da fiffike. Zubi uku sukan yi a shekara, don haka maiwa da geron da aka makara shukawa suka fi shan wuya.

Malam: To zubin ƙarshen fa, ranki ya daɗe?

Hajiya: Nan gizo ke saƙar. Ba ta fita. Ta daina ci, ɗige-ɗigen jikinta su ɓace, ta koma fari sol, ta lafe cikin busasshen kara wajen wata shida. Ruwan farko na sauka, ta farka. Tsaga karan darni a watan Maris, za ka same ta kwance cikin garin da ta ɓungura.

Malam: Wato tsayar da kara a inuwa gata ne gare ta.

Hajiya: Sosai. Da an gama girbi a shimfiɗa shi a ƙasa, ba tsibi ba, rana ta gasa shi. Wanda za a yi darni da shi a babbaka shi sama-sama, ganye ya ƙone, karan ya tsira. Ragowar kuma masu ƙosai su cinye shi a murhu kafin watan Mayu.