Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishina a ziyararsa garin Wurno

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe, Mai girma Sarkin Sudan uban ƙasa Allah ya ja zamaninka, limamai da malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana matasa, barkanmu da wannan rana. Ranka ya daɗe sannu da zuwa, sannu da hanya, lale marhabin da kai da duk 'yan rakiyarka. Dattawa ne sunka ce in tashi in yi magana a madadin jama'a, to ba dogon Turanci zan yi ba, labarin garin da ka sa ƙafa kawai zan ba ka.

Wanda ya shigo Wurno yau abin da zai fara gani buhunan albasa ne da tafarnuwa da shinkafar fadama, sai ya ɗauka garin manoma ne kurum. E manoma ne mu kuma muna alfahari da haka, amma ba noma kaɗai ya tara kakanninmu nan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya riƙe daula daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, saboda a lokacin hare-hare daga arewa da gabas ba su ƙarewa kuma Sakkwato tana bukatar garkuwa. Bai tura mutane ya koma gida ya kwanta ba, shi da kansa ya zo ya zauna cikinsu. Ya yi yaƙin Gawakuke a 1836, shekara ta zagayo Allah ya karɓi ransa a nan garin, ga hubbarensa nan in an jima za mu kai ka ka yi ziyara.

To su wa sunka zauna da shi? Nan ne nake so a saurara da kyau, don wallahi nan ne ake yi mana gajeren bayani. Kullum sunan sarakuna ake kira, su kuwa waɗanda sunka kwaɓa ƙasa sunka ɗora ganuwa ba mai tuna su. Akwai Fulani makiyaya da Bello ya ja hankalinsu su bar yawo su zauna wuri ɗaya su koyi noma su sa yara karatu, akwai malamai da almajiransu, akwai mayaƙa masu kwana da shiri, ga maƙera ga masaƙa ga majema, akwai kuma bayi da anka kawo, wannan gaskiya ce kuma ɓoye ta ba ya ƙara mana daraja, guminsu yana cikin kowace katanga ta tsohon gari. Mutum da rana yana gona a bakin gulbin Rima da dare yana gadi, haka sunka rayu har wuri ya zama gari. Yau jikokinsu duk sun cakuɗe ta aure da maƙwabtaka, in ka shiga unguwa ba ka iya rarrabe wa ya fito daga ina sai tsoho ya faɗa maka.

Bayan Bello ma garin bai mutu ba. Ɗansa Sarkin Musulmi Aliyu Babba nan ya fi zama, a zamaninsa ne Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe, Barth, da ake kira Abdulkarim ya sauka Wurno a 1853. Sarkin Musulmi Abdurrahman shi ma nan ya zauna. Sai bayan zuwan Turawa a 1903 komai ya tattara ya koma Sakkwato.

Ranka ya daɗe ga kukanmu. Tsofaffin da sunka san wace unguwa wa ya fara sare ta, wace rijiya wa ya gina, wane gida ne na maƙeran farko, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace jana'iza da wani labari muke binnewa. Akwai takardun ajami da na Larabci a cikin gafaka a gidaje, gara da damina suna cin su. Muna roƙo a turo mana masana su zauna da dattawan nan a ɗauki muryarsu a rubuta, a ɗauki hoton takardun a adana a kwamfuta, a kuma sa wannan tarihi a makarantunmu na firamare don yaro ya san garinsu kafin ya san na wasu. Matasa mun shirya, mu za mu yi jagora gida-gida ba sai an biya mu ba. Sannan a duba mana kewayen hubbare, baƙi suna zuwa daga nesa kuma wurin saukarsu ya yi kaɗan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya maida kai gida lafiya. Yanzu sai mu roƙi Liman ya yi mana addu'a kafin mu wuce hubbare.

Wassalamu alaikum.