Jawabin Maraba Ga Babban Baƙonmu a Taron Sanin Makamar Nanoteknoloji

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu Farfesa, mai girma shugaban taro, shugaban sashe, malamanmu masu daraja, ma'aikatan lab waɗanda in babu su babu mu, 'yan uwana ɗalibai maza da mata, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin ɗaliban kemistiri da na fiziks da 'yan uwanmu na injiniya da suka cika kujerun baya, ina maka maraba lale, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san aiki ya maka yawa kuma ba ƙaramar tafiya ka sha ba, amma ka ajiye komai ka zo ka zauna da mu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da ɗaukaka.

An ce bayan maraba in ɗan share fage, don kusan rabin ɗakin nan 'yan aji ɗaya ne, wasunsu ma yau suka fara jin ana maganar nanoteknoloji. To da izininka bari in yi musu bayani kaɗan kafin ka zo da naka mai zurfin.

'Yan uwa, a ɗauki mita ɗaya a raba ta gida biliyan ɗaya, kashi guda shi ne nanomita. Silin gashin kanka kaurinsa ya kai nanomita 80,000 zuwa 100,000, alhali abubuwan da ake aiki da su a wannan fanni girmansu tsakanin nanomita 1 ne zuwa 100. Ido ba ya gani, kai ko maikiroskop ɗin da muke leƙa ƙwayoyin halitta da shi ba ya gani, don shi da haske yake aiki kuma haske ba ya iya bambance abin da bai kai wajen nanomita 200 ba.

Amma fa ba ƙanƙantar ce abin mamakin ba. Abin da ya ja hankalinmu har muka kasa barin fannin nan shi ne idan abu ya ƙanƙance haka, halinsa gaba ɗaya canzawa yake. Zinare kowa ya san shi, launinsa rawaya ne, ba ya tsatsa, ba ruwansa da sauran sinadarai, shi ya sa yake shekara dubu a ƙasa a tono shi yana ƙyalli. To wannan zinaren dai, a mayar da shi ƙwayoyi masu girman nanomita 20 a cikin ruwa, sai ka ga ruwan ya koma ja, a ƙara ƙanƙanta shi zuwa ƙasa da nanomita 5 kuma sai ya zama mai zuga sinadarai su haɗu, har yana juya iskar kabon monokzayid mai kisa ta koma kabon dayokzayid ba tare da zafi mai yawa ba, kamar yadda Masatake Haruta na Japan ya nuna a shekarun 1980. Zinare ɗaya ne fa, ba a ƙara masa komai ba, girma kawai aka taɓa.

Dalili na farko lissafi ne wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya yi yanzu a bayan littafinsa. Dunƙule mai kusurwa wanda kowane gefensa santimita ɗaya ne, faɗin fuskokinsa shida murabba'in santimita 6 ne kacal, amma in aka yayyanka shi zuwa 'yan dunƙule masu gefen nanomita ɗaya, jimlar fuskokin za ta kai murabba'in mita 6,000, nauyi bai ƙaru ba amma ƙwayoyin zarra da da suke ɓoye a ciki yanzu sun fito fili, kuma a fili ake haɗuwar sinadarai. Dalili na biyu ya fi wuya, shi ne idan aka matse ilektiron a ɗan ƙaramin wuri sai dokokin kwantum su karɓi ragama, shi ya sa ƙwayoyin da ake kira kwantum dot sinadari ɗaya ne amma ƙanana su ba da shuɗin haske, manya su ba da ja. Wannan ɓangaren kam mun bar maka, Farfesa, kuma wallahi muna jiransa.

Tarihin ba zan ja shi ba. Ranar 29 ga Disamba 1959 Richard Feynman ya tsaya a Caltech da ke Amurka yana tambayar me zai hana a rubuta kundin sani mai juzu'i 24 a kan ɗan fil guda, a 1974 Norio Taniguchi na Japan ya sa wa fannin suna, a 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'urar da ke lalubar ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya a lab ɗin IBM na Zurik, a 1989 kuma Don Eigler ya jera ƙwayoyin zarra 35 na iskar zinon ya rubuta IBM da su. Wanda ni ya fi taɓa min zuciya shi ne na 2004 a Jami'ar Mancesta ta Ingila, inda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta ɓare girafayit, wato baƙin nan na cikin fensir, da salatif, suna mannawa suna ɓarewa har suka samu shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, ita ce girafin, kuma a 2010 suka karɓi lambar Nobel a kanta. Salatif fa jama'a. Tabbas suna da na'urorin da suka tabbatar da abin da suka samu, amma farkon aikin da abin da kowa ke iya riƙewa a hannu aka yi shi, wannan ya ƙarfafa mana gwiwa sosai.

Shi ya sa, ranka ya daɗe, kwalbar nan da ke kan teburi a gabanka ba ado ba ce, aikin ɗalibanka ne. Mun bi hanyar Turkevich ta 1951, muka ɗora ruwan gishirin zinare a wuta, launinsa rawaya-rawaya fes, yana tafasa ana juyawa muka zuba sitiret, wato gishirin sinadarin tsamin lemo, a ciki, nan take rawayar ta ɓace ruwan ya zama kamar ba komai, sai ya yi duhu kamar zai baƙe, can bayan 'yan mintuna sai ja ya fara fitowa yana ƙara nuna har ya tsaya jazur yadda kake gani. Muka sa shi a na'urar auna shan haske, ta nuna ya fi shanye haske a wajen nanomita 520, wato koren haske yake sha ya bar mana ja. Irin wannan ruwan Michael Faraday ya haɗa tun shekarun 1850, nasa na nan ajiye a Landan har yau bai kwanta ba.

Kuma duk wanda aka taɓa yi wa gwajin maleriya na gaggawa ko na juna biyu ya ga aikinsa bai sani ba, don jan layin nan da ke fitowa a 'yar robar gwaji, a galibinsu ƙwayoyin zinaren ne suka taru a wurin. Rigakafin korona na Pfizer da Moderna, saƙon da ke cikinsa, wanda ke koya wa jiki gane cutar, a cikin 'yan ƙwayoyin maiƙo ake naɗe shi don ya isa ƙwayar halitta bai lalace ba. Maganin cutar kansa na Doxil da Amurka ta amince da shi a 1995 shi ma a naɗe yake don ya rage cutar da zuciya. Ga talabijin masu kwantum dot, ƙwayoyin da masana Bawendi da Brus da Ekimov suka samu Nobel a kansu a 2023, ga matatar hayaƙi ta salansar mota, ga man kare fata daga rana, abin da yawa.

Sai dai ni a ganina bai kamata mu riƙa yabon fannin nan muna rufe ido ga haɗarinsa ba. Abin da ya iya shiga ƙwayar halitta ya kai magani, zai iya shiga ya kai cuta. An ga wasu dogayen bututun kabon suna yi wa huhun dabbobin gwaji illa irin ta asbestos, ma'adinin nan da ƙurarsa ke lalata huhu, kuma ƙwayoyin azurfa da ake sa wa tufafi don kashe ƙwayoyin cuta, in an wanke ruwan wankin ke ɗebe su ya tafi da su. Muna so ka faɗa mana gaskiya tsakani da Allah inda bincike ya tsaya kan wannan, da yadda ɗalibi zai kare kansa da yadda zai zubar da sauran abin da ya haɗa.

Buƙatarmu gare ka biyu ce. Ta farko, wannan ruwan da muka haɗa, launinsa da awon haske ne kawai ke gaya mana girman ƙwayoyin, ba mu taɓa ganinsu ba don ba mu da maikiroskop mai aiki da ilektiron. Ba mu ce a saya mana ba, mun san abu ne mai nauyi, roƙonmu dan Allah a buɗe mana ƙofa mu riƙa tura samfuri lab ɗinka ana ɗauko mana hotonsa. Ta biyu, in da hali a riƙa karɓar ɗalibanmu, maza da mata, suna zuwa sanin makamar aiki a wajenka lokacin hutu, su dawo su koya wa na baya.

Shugaban taro na gode da lokacin da aka ba ni. 'Yan uwa dan Allah a sa wayoyi shiru, mai tambaya ya rubuta ya ajiye sai an gama. Ranka ya daɗe Farfesa, bismillah, fili naka ne.