Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya, daga Kwamitin Iyaye da Likitocin Yara Masu Amosanin Jini a Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Ministan Kiwon Lafiya, mai girma Gwamnan Jahar Maraɗi, mai martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, mai martaba Sarkin Gobir na Tsibiri, malamanmu na addini, malaman jami'a, likitoci da ungozomomi, da iyayenmu mata da suka cika rumfar nan tun hantsi da goyo a baya, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Ranku ya daɗe, sannunku da hanya. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, balle baƙo irinku, wanda lafiyar ƙasa duka take wuyansa. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanku ba, jama'a sun sani, kuma barin aikin ofis da kuka yi, kuka keto kilomita sama da 600 daga Yamai don ku zauna da mu, ya ishe mu shaida. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninku.

Za mu faɗi abin da ya tara mu tun yanzu, kada lokaci ya ƙure muna cikin gaisuwa. Muna roƙon a kafa mana ɗakin binciken jini da ƙwayoyin gado a nan Maraɗi, domin yaranmu masu amosanin jini, wato emasi. Wannan ce buƙatarmu. Sauran abin da za ku ji a bakinmu yau duk bayanin dalilinta ne.

Garin da kuka sauka ba ƙaramin gari ba ne. Sa'ad da sarautar Katsina ta faɗi a 1807, kakanninmu suka yi arewa da tamburansu, Ɗan Kasawa ya kafa su a bakin gulbi, har yau kuwa sarkinmu Sarkin Katsina ake kiransa. Ruwa ya ci tsohon gari a 1945, muka hau tudu muka sake gini. Gyaɗar da ta riƙe baitulmalin ƙasar nan shekara da shekaru daga gonakinmu ta fito, alhazanmu suka sa aka san Maraɗi da cibiyar kasuwancin Nijar, fatar jar akuyarmu kuma ta yi suna har Turai. Manomanmu ne suka raya itatuwa daga kututture a gonakinsu tun shekarun 1980, yau ƙasashe ke zuwa koyon dabarar. Jami'armu, da aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan ɗanmu Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma tana yaye likitoci.

Ko a fagen binciken lafiya mun yi rawar gani, sai dai ba kasafai ake tunawa ba. A yunwar 2005, a jahar nan aka yi jinyar dubban yara masu tamowa da kunun gyaɗar nan na leda, uwa ta karɓa ta koma gida ta ba ɗanta, abin da daga baya ya zama hanyar da duniya ke bi. A Madarunfa, nan jaharmu, aka gwada rigakafin gudawar rotabairos wanda ke jure zafi, a bakin jarirai sama da 3,500. Sakamakon ya fito a 2017, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin a 2018, yanzu yaran ƙasashe da yawa ke cin moriyarsa. Matan ƙauyukanmu ne suka miƙa jariransu, ƴaƴanmu ne suka bi gida gida suna rubuta abin da suka gani. To ina dalilin da za a ce Maraɗi ta isa a ɗebi jini a cikinta, amma ba ta isa a auna shi a cikinta ba? An daɗe ana zuwa da akwatin ƙanƙara, a cika shi da ƴan kwalabe, a sa a mota, mu kuwa sai jiran takarda, wata ma ba ta dawowa. Abin yana yi mana ciwo, kuma gara ku ji shi daga bakinmu.

Ranku ya daɗe, kun san cutar a littafi fiye da mu, amma mu muke kwana da ita. Jariri yakan zo lafiya lau, a yi suna, a yanka rago, ya yi wata biyar ko shida babu ko tari. Sai wani dare ya tsandara kuka, a duba a ga bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura, ko taɓawa ba ya so. Daga nan an shiga. Idanu su yi ɗorawa, saifa ta tashi, da hunturu ya kama uwa ta daina barci, tana dafa ruwa tana gasa masa gwiwa har kiran assalatu. In jini ya faɗi, uba ya fita tsakar dare yana buga ƙofar ƴan uwa, yana neman wanda jininsa zai yi daidai. An sayar da akuya, an sayar da hatsin da aka ajiye don bazara. Wata uwar ana yi mata gori cewa ita ce ta kawo ciwo gidan, alhali sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon ciwon, wadda ake kira S, ake samun mai SS, wato yaron da ya gaje ta daga duka biyun, kuma kowane ciki nasu yana da kaso ɗaya cikin huɗu. Ƙiyasin masana na 2021 ya nuna ana haihuwar jarirai sama da 500,000 da cutar a shekara a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Nan ne gidanta.

Waɗannan watanni shida da jariri ke yi cikin lafiya su ne suka buɗe wa masana hanya. Tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin sabon jariri ba ya lanƙwashewa kamar lauje yadda jajayen ƙwayoyin jinin masu ciwon ke yi, domin yana ɗauke da himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, irin na cikin mahaifa, wanda ake kira HbF. Bayan haihuwa jiki yakan rage yin sa, ya koma yin irin na manya, a nan ciwon ke bayyana. Shekara 60 ana neman abin da ke ba da wannan umarni. A 2008 Vijay Sankaran da Stuart Orkin a Boston suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce ke hana jiki ci gaba da yin HbF. Ashe garkuwar tana nan cikin ɓargon kowane yaronmu, inda jiki ke yin jini, rufe ta kawai aka yi. In an sa BCL11A ta yi shiru a cikin jajayen ƙwayoyin jini, HbF ya dawo.

Yadda ake sa ƙwayar gado ta yi shiru kuwa, an riga an gano shi. Ƙwayar gado ba ta fita da kanta, ɗan aike take tashi, shi ne RNA, ya kai saƙo inda ake ƙera furotin. Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a 1998, a jikin wata ƴar tsutsa, cewa ana iya tare ɗan aiken a hanya a yaga wasiƙar, mai aike na zaune lafiya amma umarninsa bai isa ba. Sun sami kyautar Nobel a 2006. Da wannan dabara aka rufe bakin BCL11A a ɓargon marasa lafiya shida a Boston, aka buga sakamakon a 2021, HbF ɗinsu ya hau sosai. Wasu masanan suka bi ta hanyar CRISPR, dabarar yanka da gyara ƙwayar gado, suka taɓa wurin da ke kunna BCL11A a ƙwayoyin jini kaɗai. Maganin da ya fito daga nan, Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta bi a Disamba. Cikin mutum 31 da aka bi sawunsu, 29 sun yi shekara cur ba tare da ciwon ya kayar da su ba.

Da labarin ya iso mana a rediyo da waya, iyaye sun yi ta kiran likitocinmu har dare. Sai aka faɗa musu kuɗin: dalar Amurka miliyan 2.2 ga mutum guda, sama da miliyar ɗaya na sefa. Ga shi sai an ɗebi ƙwayoyin ɓargo, an share ɓargon da magani mai ƙarfi wanda kan iya hana haihuwa, an kwantar da mutum makonni. Ba mu zo roƙon wannan ba, mun san inda ƙarfin ƙasarmu ya tsaya. Abin da muke cewa shi ne ilimin da ya haifi wannan magani yana da amfani gare mu yau, da kuɗi kaɗan, in akwai inda za a yi aiki da shi.

Ga hidiroksiyuriya. Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana, an amince da ita don wannan ciwo tun 1998, kuma aikinta shi ne ɗaga HbF ɗin nan. Tana kuma taimaka wa saƙon da jijiyoyin jini ke buƙata don su saki jiki, wato sinadarin nitirik oksaid, wanda fashewar jajayen ƙwayoyi ke cinyewa har jijiya ta tsuke, jini ya maƙale, yaro ya yi ta murƙususu. An gwada ta a kan yara wajen 600 a Angola da Kongo da Kenya da Yuganda, rahoton 2019 ya nuna ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu kusan rabi. Nan kusa da mu, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, an nuna cewa in aka duba gudun jini a kan yaro da na'ura, aka ba wanda ke cikin haɗari wannan ƙwaya, ana kare shi daga shanyewar ɓarin jiki. Kano ce fa, ranku ya daɗe, harshenmu ɗaya, abincinmu ɗaya, auratayya muke yi. Sai dai ba a ba da ƙwayar nan da ka. Dole a riƙa ƙirga ƙwayoyin jinin yaro lokaci zuwa lokaci, a auna HbF a ga ko ya hau, a ƙara ko a rage. Likitan da ba shi da awo, hannunsa na rawa yake rubuta ta, wani ma ba ya rubutawa sam, kuma ba mu ga laifinsa ba.

A asibitocin karkara, in an dace, awon jini na Emel ake samu, shi kuwa ba ya raba AS, mai ɗauke da ƙwayar S ɗaya ba tare da ciwon ba, da SS. Saurayi da budurwa su karɓi takarda, kowa ya fassara ta yadda ransa ke so. Cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo tana Yamai, muna yaba aikinta, amma matar Dakoro ko Mayahi ko Tasawa da yaro kwance a cinya, da wane kuɗin mota za ta je, a gidan wa za ta sauka? Don haka muke sake roƙo: a ba mu ɗakin binciken nan. A sa masa na'urar da ke rarrabe nau'in himogulobin ta kuma auna HbF, da na'urar duba ƙwayoyin gado, da firiza mai tsananin sanyi ta ajiye jini, da farantan hasken rana, don ɗaukewar wuta ta dare ɗaya tana iya lalata aikin shekara.

Akwai kuma tambayar da ba wanda zai amsa mana ita sai mu. Likitocinmu suna ganin wa da ƙane, duk SS, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗaya yana buga ƙwallo. An san cewa irin ƙwayar S da ake kira ta Senegal da ta Larabawa da Indiya suna zuwa da HbF mai yawa, ciwon ya yi sauƙi, irin ta Benin kuwa ba haka take ba, kuma ƙananan bambance-bambance a BCL11A kanta suna sa wani ya fi wani. Jaharmu ta tara Katsinawa da Gobirawa da Fulani da Abzinawa da Barebari. Wane iri ne ya fi yawa a cikinmu, wane yaro ne zai fi jin magani? Masana a ƙasashen waje suna neman ƙwayar sha mai arha da za ta yi abin da Casgevy ke yi. Ranar da ta samu, inda aka san jinin mutane, aka rubuta sunayen marasa lafiya, can za a fara kai ta. Ba ma son ranar ta riske mu hannu rabbana.

Ƙananan buƙatunmu ba su da yawa. A sa hidiroksiyuriya da fenisilin na yara cikin magungunan da talaka ke samu da rangwame. A tura ɗalibanmu biyu ko uku ƙaro ilimi a wannan fanni, da sharaɗin su dawo gida. A fara auna jarirai tun a ɗakin haihuwa. Amma ko wannan awon jarirai, ina za a kai jinin in babu ɗakin?

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Malamanmu sun yarda su yi wa'azin awo kafin aure, ƴan kasuwarmu sun ce in gwamnati ta aza tubalin farko ba za su bari a ji kunya ba, iyaye kuma sun shirya kawo ƴaƴansu a rubuta su. Ranar 19 ga Yuni duniya ke tunawa da masu wannan ciwo. Burinmu, in Allah ya kai mu ta baɗi, ku dawo garin nan ku yanke ƙyallen buɗe ɗakin da hannunku.

Ga takardar buƙatar, mun rubuta ta da Hausa da Faransanci, da jerin kayan da ake so. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata, wadda ta binne biyu tana jinyar na uku, ita za ta miƙa muku. Muna roƙon kada ta kwana cikin tarin takardu, ranku ya daɗe, ku sa mata hannu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da ku gida lafiya ku da tawagarku.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.