Darasin Turanci: Kalmar "Athletics" da Asalinta

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wato athletics, wadda a labaran wasanni ake fassara ta da guje-guje da tsalle-tsalle.

Bari mu fara da furuci. Gaɓa uku gare ta: ath, le, tics. Wajen "th" ɗin nan, sa bakin harshenka tsakanin haƙora, ka ɗan huro iska. Kada ka cusa wasali ka ce "atiletis", ko da yake su kansu Turawan akwai masu yin haka.

To, Bature ma aro ya yi daga Girkawa. A tsohon Girkanci athlos na nufin gasa, athlon kuwa ita ce kyautar da ake ba wanda ya ci. Mai fafatawa don neman wannan kyauta shi ne athletes. Ka ga ke nan, malamin da ke fita sassarfa bayan asuba don ya rage tumbi, Allah ya ƙara masa lafiya, amma a ma'anar asali bai shiga lissafi ba. Dole sai da abokin karawa da abin da za a ci.

Mece ce kyautar? A Olimfiya ta ƙasar Girka, inda ake ƙirga tsohuwar gasar Olympics daga shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, rassan zaitun ake naɗewa a ɗora wa zakara a ka. Shi ke nan fa! Da farko ma tsere ɗaya ne, na kimanin mita 192.

Wannan athlon ɗin ita ce a wutsiyar decathlon, mai wasanni 10, da triathlon, wato ninkaya da keke da gudu.

Yauwa, ga inda masu fassara ke tuntuɓe. A Ingila kalmar ta tsaya ne ga gudu da tsalle da jifa. A Amurka kuwa ta haɗe wasanni duka, har da ƙwallon kwando. Saboda haka in ka ga jami'ar Amurka ta rubuta athletics, sashen wasanni take nufi. Zinaren da Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, da dogon tsalle na mita 7.12, in ka tambayi mutumin Landan athletics zai ce maka, Ba'amurke kuwa ya ce track and field.