Jitar da Ake Kwantarwa a Cinya: Daga Kwali Zuwa Sautin Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke gaba, iyayenmu kafintoci da suka rufe shago suka zo, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma.

Tun ɗazu na ga ana leƙen abin da na ajiye a kan tebur, har na ji wani yana tambayar na kusa da shi ko allo ne aka ɗaura wa waya. Jita ce. Sai dai ba a rataya ta a kafaɗa, a cinya ake kwantar da ita, fuskarta na kallon sama. Kuma ba a danne tsirkiyarta da yatsa. Wannan guntun ƙarfe mai santsi da nauyi, shi hannun hagu ke riƙewa yana zamewa da shi a kan tsirkiyoyin, hannun dama yana kaɗawa. Duk wanda kunnensa ya saba da goge ko kukuma ya san daɗin sautin da ke tafiya daga wannan murya zuwa waccan ba tare da ya yanke ba, kamar mutum yana rera waƙa. Wannan ne ya ja ni gare ta.

Asalinta tsibiran Hawai ne, can tsakiyar tekun Fasifik. Ana danganta salon da Joseph Kekuku, wanda aka haifa a 1874 a garin Laie na tsibirin Oahu, ya fara shi yana ɗan makaranta wajen 1889. Da aka yi babban baje-koli a San Faransisko a 1915, makaɗan Hawai suka je, sai kiɗan ya bazu a Amurka. Matsalarta ɗaya a lokacin, ba ta da ƙara, cikin taron makaɗa sai a danne ta. Neman maganin haka ya sa George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fito da ta lantarki a Los Anjalis a 1932, mai jikin alminiyam zagayayye da dogon wuya, har ake kiranta kaskon suya. Ku riƙe wannan: jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa sosai, irin wannan ce ta cinya. Shi ma Leo Fender, shahararren maƙerin jitar lantarki na Amurka, da ita ya fara a 1945. Mu a Najeriya ƙanwarta mai feda muka fi ji, a hannun Demola Adepoju cikin ƙungiyar King Sunny Adé.

To, tawa a kwali ta zo, a wargaje. Katako guda da aka riga aka yanka aka rarake masa gurabe, kunnuwa shida na ɗaure tsirkiya, jaki biyu da tsirkiyoyi ke hawa a kai, na sama da na ƙasa, farantin da aka zana wa layuka, maɗaukin sauti, maɓallai biyu, kafar da ake soka wayar amfilifaya, sai ƙullin kusoshi masu zare. Mai gaggawa zai harhaɗa su a yini ɗaya, kuma za ta yi ƙara. Ni sai da na shafe fiye da wata guda. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne inda waɗannan kwanaki suka shiga.

Farko awo. Tsakanin jakin sama da jakin ƙasa, tawa inci 22.5 ne, wato santimita 57 da 'yan kai. Duk sauran lissafin a kan wannan tsawo ya rataya. Layi na 12 dole ya faɗo daidai tsakiya, inci 11.25, domin idan ka raba tsirkiya biyu, muryar da take bayarwa ita ce dai ta farko amma a sama. Layin farko kuma, ka raba tsawon da 17.817, za ka samu kimanin santimita 3.2; abin da ya rage ka sake raba shi da wannan adadi ka samu na biyu, haka har ƙarshe. Shi ya sa kuke ganin layukan suna matsewa yayin da ake gangarowa. A wannan jita layukan zane ne kawai, ido suke yi wa jagora. Idan jakin ƙasa ya goce ko da milimita biyu, za ka aza ƙarfe daidai kan layi, kunne ya ce maka ƙarya ne. Saboda haka kafin in huda ko rami ɗaya, na jera komai a busasshen katako, na ja zare biyu a madadin tsirkiyar farko da ta shida, na auna da rula ta ƙarfe sau uku. Kafintocinmu sun fi ni sanin wannan, rami ba ya komawa.

Akwai wani abu ƙarami da takardar da ta zo cikin kwalin ba ta ko ambata ba. Tsirkiyoyin kaurinsu ba ɗaya ba ne, ƙarfen kuwa miƙaƙƙe ne, kuma dole ya taɓa dukkansu lokaci guda. Ke nan samansu ne ya kamata ya daidaita. Sai ka zurfafa tsagin mai kauri a jikin jaki, ka bar na siririya sama-sama. In ba ka yi haka ba, siraran za su riƙa zuza ƙarƙashin ƙarfe, ka yi ta zargin hannunka.

Bayan huda, na cire komai na koma kan katako. Wanda ya zo mini dangin maɗaci ne, mai buɗaɗɗun ƙofofi a jiki. Samfefa mai lamba 120 na fara da ita, sai 180, sai 220, kullum ina bin tsawon jijiyar itacen, ba a gicciye ba. Daga nan na shafe shi da tsumma mai ɗan danshi. Idan ya bushe za ka ji gashi ya tashi a jikinsa, ka sake bi da 320 ka kwantar da shi. In ka tsallake wannan, man da za ka shafa shi zai tayar da gashin, a lokacin da gyara ya yi wuya.

Ban yi mata fenti ba, don ina son a ga itacen. Mai na shafa, irin wanda tushensa man linsid ne. A nan na yi kuskuren da ya ci mini mako guda. Damina ce, iska jiƙe, na shafa da kauri don in gama da wuri, na ƙara wani a kai tun na farko bai kama ba. Kwana uku jikin yana danƙo. Dole na kankare shi tas na sake daga farko, kuma na ji zafin hakan ƙwarai. Karo na biyu ɗigo kaɗan nake sa wa a yatsa, in murza, in goge duk abin da itacen bai sha ba, in rataye ta har gobe. A shafi na uku na goga man da samfefa 400 yana jiƙe, garin katakon ya haɗu da mai ya toshe ƙofofin nan. Shafi goma na yi. Da hunturu zai fi saurin bushewa, amma ƙura ce abokiyar gabarka, sai ka rufe ɗaki. Kuma don Allah, tsumman da ya sha wannan mai kada a dunƙule shi a jefa a lungu. Yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Na'am, Malam? Yana tambaya yadda sautin ke shiga waya. Maɗaukin nan maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na karkarwa a samansa, sai ɗan lantarki ya taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi. Haɗin da dalma bai kai guri goma ba. Wanda ake mantawa shi ne wayar at, wato wayar ƙasa (earth), daga ƙarƙashin jakin ƙasa zuwa bayan maɓallin ƙara. In babu ita, gurnani za ka yi ta ji.

Na ɗaure ta a tsarin da ake kira C6, kowane harafi sunan muryar tsirkiya ɗaya ne, daga mai kauri zuwa siririya: C, E, G, A, C, E, tsarin da Jerry Byrd, makaɗin irin wannan jita ɗan Amurka, ya yi fice da shi. Ɗan'uwa, taimaka ka soka mini wayar nan. Madalla. Yanzu zan kaɗa ta a sake, sannan in zame da ƙarfen a hankali har layi na 12. Ku saurara ku gaya mini ko awon ya faɗa daidai.