Amsoshin Tambayoyinku: Atisayen masunta kafin gasar kamun kifin bas a Amurka

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito ne daga Yawuri a jihar Kebbi, daga wani mai sauraronmu da ya ce sana'ar su ya gada kaka da kakanni. Ya ce ya ga bidiyon wasu Amurkawa a waya cikin jiragen ruwa masu gudu, ana cewa atisaye suke yi kafin gasar kamun kifi. Shi ne yake tambaya: shin kamun kifi ma sai an yi masa atisaye? Kuma wane irin kifi ne ake wa wannan hidima haka?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kifin dai sunansa bas, kifin ruwan daɗi ne ɗan asalin Arewacin Amurka, mai faɗin baki, mai farautar ƙananan kifaye da kwaɗi. Bai kama ƙafar giwan ruwa ba wajen girma. Wanda aka daɗe ana kafa misali da shi, George Perry ne ya kama shi a jihar Jojiya a 1932, nauyinsa laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da ɗan ɗoriya. Sai a 2009 wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kamo wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa.

Dokar gasar ce ta sa atisaye ya zama dole. A manyan gasannin ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S., wadda Ray Scott ya kafa a 1968 a jihar Alabama, babu taru, babu homa, babu birgi. Fatsa ce kawai, ita ma sanda ɗaya a lokaci guda, kuma ba a sa mata tana ko ɗan kifi mai rai, sai abincin bogi na roba ko ƙarfe ko katako. Kifi biyar kacal mutum zai kawo sikeli kowace rana, a haɗa nauyin na kwana huɗu, wanda nasa ya fi shi ya ci. Ka ɗauki tafkin Guntersville da ke Alabama, faɗinsa ya kai eka 69,000, ga shi awa takwas ko makamancin haka ake ba mutum a wuni. Wanda ya bari sai ranar gasa zai fara neman inda kifi yake, ai kafin ya gano an tashi. Saboda haka abin da ka gani a bidiyon nan, Malam, ba koyon jifa suke yi ba, sun iya tuntuni. Ruwan suke karanta.

Kuma ba a sakar musu ruwan yadda suka ga dama. A rukunin ƙwararru da ake kira Elite Series, ana haramta wa 'yan gasa shiga tafkin har kwana 28, sannan a buɗe musu yawanci kwana uku na atisaye. A tsawon lokacin haramcin ba su da izinin neman bayani daga mutanen gari ko masuntan wurin. Kai da ke Kebbi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, tunda a Argungu ma ana hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar biki. Amma Amurkawa sun taɓa wuce haka. A gasar zakarun B.A.S.S., wato Bassmaster Classic, ta farko a 1971, masunta 24 aka zuba a jirgin sama ba tare da sun san inda za a kai su ba. Sai da jirgi ya lula aka sanar da su cewa tafkin Mead ne a jihar Nebada. Bobby Murray ne ya lashe ta.

Me suke dubawa a kwana ukun? Farko ɗumin ruwa. Idan ya kai digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyos, bas yakan taso bakin gaɓa don yin ƙwai. Namijin ne ke share ƙasa da jelarsa ya yi gurbi, kuma shi ke gadin ƙwan. Kafin lokacin, manyan mata na tsaye a ɗan zurfi kusa da mashigar ƙorama, cike da ƙwai, sun fi kowane lokaci nauyi. Bayan sun gama sai su koma can tsakiya. Masunci zai so ya san a wane mataki kifin yake a wannan makon, da kuma inda zai dosa nan da kwana biyar. Sai launin ruwa, da ciyawar da ke ƙarƙashinsa, da kututtura, da tsohuwar hanyar kogi da ruwa ya shanye lokacin da aka gina dam. A tafkunan kogin Tennessee har jadawalin sakin ruwa daga dam suke bibiya, domin da zarar an kunna injinan wuta ruwa ya fara gudu, kifi ya taru ya fara ci. Mutumin Yawuri da ya san yadda cikar Kainji da janyewarsa ke sauya wurin kifi ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ta ce: kifin da suka kama a ranakun atisaye, ci suke yi ko sayarwa?

Ranki ya daɗe, ko ɗaya. Hasali ma gwanayensu ƙoƙari suke yi kada su kama. A ganina nan ne gwanintar take, kuma nan ne sabon shiga ya fi faɗuwa. Kifin da ƙugiya ta soka yau da wuya ya sake kai baki nan kusa. Don haka masunci yakan sa filaya ya lanƙwashe tsinin ƙugiyar, ko ya yanke shi, ko ya rufe shi da ɗan guntun roba. Ya jefa gindin wani kututture, ya ji an ja zare. Hannunsa na ƙaiƙayin fizga, amma sai ya sassauta zaren, ya riƙa karkaɗa sandar a hankali har kifin ya tofar. Ya danna alamar wurin a na'urarsa, ya ja jirgi ya bar wajen. Idan ya ji an ja sau uku ko huɗu a wuri ɗaya, ya san akwai taro.

Sai dai akwai matsala. Wanda bai ɗago kifi ya gani ba, bai san ko manya ne ko 'yan ƙanana ba, ga shi gasar ta nauyi ce. Shi ya sa yakan soki ɗaya ko biyu don ya ga girmansu, sauran ya bar su. Nawa zai soka, a ina zai dakata, babu dokar da ta faɗa, kowa da lissafinsa. Ga kuma idon abokan hamayya: in aka hango ka kana ta ɗago kifi a wuri guda, ranar gasa kana iya tarar da wani ya riga ka isa.

Ko a ranar gasar ma, Hajiya, ba a yanka kifin. Tun 1972 ƙungiyar B.A.S.S. ta fara kamfen na sakin kifi da ransa. Kowane jirgi na da ɗan tanki mai famfo da ke sabunta ruwa, a nan ake ajiye su har a auna, sannan a mayar da su tafki. Wanda ya kawo mataccen kifi ana rage masa oza 4. Wata ƙungiyar kuma, Major League Fishing, ta fito da tsarin da alƙali ke cikin jirgi, ya auna kifin nan take a sake shi.

Sai ta ƙarshe, daga wani matashi a Zangon Kumasi, ƙasar Ghana. Ya ce ya ji suna da na'urar da ke nuna kifi a allo, to ina amfanin atisaye kuma?

Ɗan'uwa, gaskiya ne akwai ta. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, wadda ke nuna kifi yana iyo a gaban jirgi kai tsaye, har ka ga ya biyo abincin bogin ko ya juya baya. Ta jawo muhawara mai zafi, har B.A.S.S. ta taƙaita wa ƙwararrunta ita zuwa guda ɗaya a jirgi a 2025. Ni dai ina tare da masu cewa a taƙaita, domin yaron da ya tashi idonsa na kan allo ba zai koyi duban iska da gajimare ba. Amma na'urar gabanka kaɗai take nunawa, ba za ta ce maka ka tafi kudu ko arewa a tafki mai eka dubbai ba.

Kuma ba ta tsayar da yanayi. Sau da yawa mutum zai yi kwana uku cikin lumshi da ɗumi kifi na ci, daren gasa sanyi ya sauko, gari ya waye tas, kifin ya lafe cikin ciyawa ya ƙi motsi. Shi ya sa mai hankali ba ya fita atisaye da wuri ɗaya a hannu. Yakan tanadi na iska, da na rana, da wani kusa da wurin tashin jirage inda zai cike biyar ɗinsa in abu ya ƙi. Da dare kuma ya sauya zaren da ya goge, ya sake ɗaure ƙugiyoyi sababbi masu kaifi, ya yi cajin batura, ya gwada famfon tanki, ya sayi ƙanƙara in lokacin zafi ne don kada kifi ya mutu. Sannan ya lissafa mintocin da zai ɗauka daga wurinsa mafi nisa zuwa wurin awo, har da ƙari saboda igiyar ruwa. Kowane minti ɗaya na latti laba ɗaya ake cire masa, in ya haura minti 15 kuwa, duk kamun ranar ya tashi a banza.

Nan za mu dakata a yau. Sauran wasiƙunku suna nan a hannunmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.